Gwaggo Dije da Fostar Takarata

Duk wanda ya san Gwaggo Dije, ƙanwar babanmu da ke Sheshe, ya san abin da take yi da fostar ɗan takara. Sai ta kai ta bakin ƙofa inda rana ke faɗowa, ta rufe rabin fuskar da tafin hannu, ta tsura wa ɗaya rabin ido kamar mai tsintar shinkafa. Sunan jam'iyya bai dame ta ba, haske take dubawa. Ita kuwa ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. "Ni da ba na neman kujerar kowa?" in ji ta.

An taɓa kawo mata wani mai neman majalisa, fuskarsa fes, ba duhu ko ɗis.

"Mutum ba inuwa? Kai, ku fitar min da shi! Aljani ne!"

Wani kuma an jera masa littattafai a baya. Ta ce, "Mai karatu a gabansa yake sa littafi. Wannan ƙeya ya juya musu."

Mu dariya muke yi, amma matan unguwa ba su ɗauki abin wasa ba. Wanda Gwaggo ta ce a fitar, ba zai ga ƙuri'unsu ba. Shi ya sa shekarar da na fito takarar kansila, ba abokin hamayyata nake tsoro ba. Wallahi Gwaggo nake tsoro.

Na je wani shagon hoto a Gwammaja, na ce kada a sa littafi, a kuma bar min 'yar inuwa. Da fostar ta fito, na ga na yi fari, na yi kumatu, har na burge kaina. Duk da haka na yi ta kewaye lungunta, in zo ƙofa in wuce, sai da ta aiko a kira ni.

Na tarar da tsakar gida cike da mata ana gyaran kayan miya. Na miƙa wa Gwaggo fostar. Ta karɓa, ta nufi ƙofa, ta rufe rabin dama, ta koma ta rufe na hagu. Gumi ya karyo min har cikin hula.

"Wannan ɗan wane gida ne?"

"Haba Gwaggo, ni ne fa, Sani."

"Sanin da na sani yana da bille a kuncin hagu. A cinyata wanzami ya yi masa ranar suna, ya tsula min fitsari a sabon zani. Ina billen?"

Na duba. Babu! Ashe mai hoto ya goge shi a kwamfuta, wai gyara. Matan suka daina yankan albasa, ni kuma na ji kujerar kansila tana sulalewa daga ƙarƙashina.

"Gwaggo, an riga an buga da yawa..."

"A ba mai ƙosai ta naɗe. Gobe da hantsi ka zo da mai hotonka."

Washegari ta tsayar da ni a ƙofar zaure, inda yaran unguwa ke kallo. Mai hoto ya ce ɓangaren hagu ya yi duhu. Ta shiga gida ta fito da tiren silba na kayan aurenta, ta tare rana da shi, ta juya, ta sake juyawa, har hasken ya sauka daidai kan billen.

"Yauwa! Ɗauki, ga ɗanmu nan."

Zaɓe dai na faɗi, kun sani. Da na je wurinta, ta ce, "Mata sun zaɓe ka. Mazan ne ba su iya kallon hoto ba."

Da ta rasu bara, muka birkice akwatuna muna neman hotonta, jikoki na tambaya. Babu ko ɗaya. Sai matata ta ciro fostar nan ta biyu, wadda aka buga da hoton ƙofar zaure, ta nuna min gefen hagu, can ƙasa, inda mai hoto bai yanke ba: bakin tire, da yatsu uku masu lalle. Na rufe tawa fuskar da ke jikin fostar da tafin hannu, na daɗe ina kallonsu.

Allah ya jiƙan Gwaggo Dije, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta. Amin.