Dutsen da Ke Hannun Tanko

Na tashi a wata 'yar ruga da ke gindin duwatsun Roni, zamanin da hakimi ke aiko dogari ya ƙirga shanu, mota kuwa sai labarinta. Da damina, magariba na yi ake hura wa shanu wuta a zuba mata ɗanyen ganye, don hayaƙin ya kori sauro. A gefen wutar nan kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Iya, take shimfiɗa buzunta. Mu kuma jikoki mu kewaye ta, idanu na hawaye saboda hayaƙi, amma ba mai matsawa. Iya ba ta fara tatsuniya irin ta kowa. Cewa take, "Ga wata baƙuwa ta zo, ƙafarta duk raɓa." Mu amsa, "A ba ta tabarma!"

Akwai wata damina da gidanmu ya yi nauyi. Karsanar Baba da ya fi so, wata ja mai farin goshi, ta shiga gonar maƙwabcinmu Malam Idi, ta dawo da sara a ƙafar baya. Baba da Malam Idi tare suka yi wasan ƙasa, amma tun ranar ko gaisuwa ta yanke. Aka hana ni zuwa rijiya da 'yarsa Hansai, ƙawata. Baba ya rantse sai ya kai ƙara gaban hakimi, in kuma ba a bi masa hakkinsa ba, zai kwashe mu da shanun mu koma wajen dangin Innarmu can bayan Babura.

Abin da na fi tunawa shi ne barci ya ƙaurace wa gidan. Baba ya kwana yana kai da kawo tsakanin ɗaki da garke, da safe ya fito ido jawur, magana ɗaya biyu sai faɗa. Ni ma nakan kwanta da tsoron kada gari ya waye a ce mu ɗaure kaya. Sai in tashi jiki duk a mace, kamar na kwana ina daka.

Wani maraice Baba na zaune can bayan wutar yana ta juya sandarsa, Iya ta kira baƙuwarta, muka ba ta tabarma. Na lura ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce wai barci wata tsohuwa ce mai ƙwaryar ruwan sanyi. In mutane sun kwanta sai ta bi gida gida tana wanke musu gajiya, tun daga tafin hannu har tafin ƙafa. Shi ya sa mutum ke kwanciya a gajiye ya tashi garau. To, a wani gari akwai manomi Tanko. Ran nan akuyar maƙwabcinsa ta cinye masa wake. Ya sunkuya ya ɗauki dutse zai jefe ta, akuya ta tsallake shinge ta tsere. Tanko ya ce wallahi ba zai ajiye dutsen nan ba sai ya same ta da shi.

Da shi ya ci tuwo, da shi ya kwanta. Tsohuwa ta zo ta wanke matarsa, ta wanke 'ya'yansa, ta iso kansa. A nan Iya ta ƙanƙance murya: "Ɗan nan, buɗe hannun in wanke ka." Tanko ya ƙara damƙewa. Tsohuwa ta ce, "Ni daga tafin hannu nake farawa," ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce.

Haka aka yi ta yi. Kullum Tanko ya tashi ya fi jiya nauyi. Ba ya iya riƙe fartanya da hannu ɗaya, ciyawa ta cinye gonar da akuya ta rage. Ita kuwa akuyar tana can tana ƙiba, har ta haihu. Muka fashe da dariya. Ƙanena Buba ya ce, "Iya, ba ta ma san ana fushi da ita ba?" Iya ta ce, "Ina za ta sani? Ita barcinta take sha."

Sai ga shi matar Tanko ta haihu. Ungozoma ta fito da jariri a zane ta miƙa masa. Ya kawo hannu ɗaya, ta ce, "A'a, ba a karɓar ɗa da hannu ɗaya." Tanko ya dubi ɗan, ya dubi dutsen. Ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasa, yatsun da ƙyar suka miƙe. A daren tsohuwa ta wanke shi tas. Kafin zakara ya yi cara ya tashi, jikinsa sakayau kamar auduga, ya nome gonarsa yana waƙa, mutane na leƙowa suna tambaya wane baƙo ne aka yi.

Iya ta tafa hannu ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta." Sai muka ga Baba ya miƙe.

Ya ce, "Iya, da ni kike?"

Ta ce, "Ni da jikokina nake. In kunnenka ya tsinci wani abu, naka ne."

Sai ya jingine sandarsa jikin turke, ya bi hanyar gidan Malam Idi hannu wofi. Innarmu ta fito daga ɗaki a tsorace, Iya ta ce mata, "Koma ki zauna, wanda ya bar sanda ba faɗa ya tafi ba."

Sai daga baya na ji yadda suka yi. Malam Idi bai yi musu ba. Ya ce shi ne, ransa ne ya ɓaci da ya ga dawarsa a kwance, ya wurga fartanya, bai yi zaton za ta same ta ba. Ya ce tun ranar shi ma bai runtsa ba, kunya ce ta hana shi zuwa. Baba ya ce shi ma ai nasa yaran ne suka yi sakaci da kiwo. Suka yi sallar lisha tare. Ni dai abin da na gani shi ne Baba ya dawo ya ce wa Innarmu, "Ba inda za mu." Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba.

Na yi shekaru da yawa a duniya, amma ban taɓa tashi irin na washegarin nan ba. An yi yayyafi da asuba, ƙasa na ƙamshi, duwatsun sun yi baƙi wuluk suna sheƙi. Na yi miƙa na ji ko'ina a jikina ya saki, kamar an sauya mini ƙasusuwa. Yunwa nake ji mai daɗi. Daga garke ina jiyo Baba yana kiran shanu da sunayensu, har yana yi wa karsanar kirari. Na fito da gudu ba dalili, na zagaya gidan, na ɗauki tulun da ya fi ƙarfina. Iya na bakin ƙofa da carbinta, ta dube ni ta yi murmushi ta ce, "Yau kam an wanke mini ke." A bakin rijiya na tarar da Hansai. Muka kama guga tare. Karsanar ta warke, ko da yake da ɗingishi ta ƙare rayuwarta, ta kuma haifa mana maruƙa.

Da ina yarinya na ɗauka dabara ce kawai Iya ta yi wa ɗanta. Sai da na yi aure, na yi reno, na yi jinya, na binne nawa, sannan na gane girman abin da ta samo mana. Na ga masu rumbu cike da hatsi da ba sa samun safiya irin waccan. Ni ma akwai shekarun da na rasa ta, ta kuma dawo, ba da wayona ba. Allah ya jiƙan Iya, ya sa barcinta mai sanyi ne.

Yanzu da na tsufa, gwiwa na ciwo, ido ya rage. Amma duk ranar da na buɗe ido na ji zuciyata wasai, ba na riƙe da kowa, ba kuma wanda nake jin kunyar haɗuwa da shi, nakan zauna bakin gado in yi godiya kafin in sa ƙafa a ƙasa. In jikokina suka durƙusa suka ce, "Kaka, an tashi lafiya?" ba na amsawa da sauri. Sai na duba tukuna. In na ce musu lafiya lau, to da gaske nake.