Nono Ba Mai Sha

Yaron bai kai suna ba. Kashegarin da aka binne shi nono ya kawo. Na farka rigata sharkaf, ƙirjina ya yi tauri kamar dutsen murhu, na zauna ina kallon kaina. Ashe shi jiki ba a yi masa gaisuwar mutuwa, bai san abin da ake ciki ba.

A Gumel muke lokacin, Jigawa ba ta daɗe da zama jiha ba. Mata biyu suka sa ni a tsakiya. Uwar mijina ta ce jego jego ne, da ɗa ko babu. Da safe ta tafasa ruwa ta fyaɗe ni da ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye, wai kada sanyi ya shige ni. Tana fita sai maƙwabciyarmu ta shigo, wata ma'aikaciyar asibiti 'yar Filato da muke kira Sista, ta leƙa kwanon ta riƙe haɓa.

"Kunun nan ai ruwan nono yake ƙara miki! Kuma kar ki tatse, in kin tatse wani zai taru."

Ta naɗe min ƙirji da zane, ta ja tamau. Da azahar uwar mijina ta gani.

"Wa ya ɗaure min 'ya kamar buhun gero? Kwance, 'yar nan. Je ki bayan ɗaki ki tatse, ki rufe da ƙasa."

Haka na yi ta yi, a ɗaure ni da hantsi, a kwance ni da azahar. Kowacce don Allah take yi, ni ce dai ban san wadda zan bi ba. Kai, ban ma san abin da nake so ba. In zogi ya tashi sai na roƙi Allah ya ƙafar da nonon. In ya lafa kuma tsoro ya kama ni, don in ya ƙafe, me ya rage da zai nuna na haihu?

Ina da 'ya kafin shi. Tana kan nono cikinsa ya shiga, aka ce nonon mai ciki zai sa ta zawo. Na shafa garafuni, ganyen nan mai ɗan karen ɗaci, na ba ta. Ta kama ta saki, ta dube ni, ta tsala ihu. A ranar, innata ta goye ta zuwa garinsu Ɗanzomo yaye. Dominsa aka ƙwace mata, shi kuma bai tsaya ya sha ba.

Ana wahalar mai a lokacin, sai da aka kwana biyu inna ta samu mota ta zo min gaisuwa, da yarinyar a bayanta. Ta yi wayo, har tana haɗa magana. Tun da na gan ta wani tunani ya shige ni, na kasa korarsa: ga nono ba mai sha, ga mai shi ta dawo. Ko daidai ne ko ba daidai ba, ban tambayi kowa ba, na gaji da amsa biyu.

Da la'asar mata suna tsakar gida suna tsintar shinkafa, na ja ta ɗaki, na ɗora ta a cinya, na ɗaga rigata.

"Zo ki sha, uwata. Naki ne."

Ta ƙura masa ido. Ta kai ɗan yatsa ta taɓa, ya jiƙe, ta goge a rigarta. Sai ta yamutsa fuska ta girgiza kai.

"Ɗaci," ta ce.

Ta zame daga cinyata ta fita da gudu tana kiran inna.

Na daɗe zaune yana ɗiga. Na lakata na sa a harshe, babu ɗaci ko kaɗan. Na ɗauki zanen Sista na naɗa da kaina, na ja har numfashina ya sarƙe. Da uwar mijina ta shigo ta kai hannu za ta kwance, na ce, "Hajiya, a bar shi haka."