Auren Ƙarya a Zauren Misis Horrigan

Duk wanda ya tambaye ni me ya sa waƙoƙin pank, kiɗan ƙara na matasa 'yan tawaye, a garinmu Brisbane ba sa wuce minti ɗaya da rabi, amsa ɗaya nake ba shi: ɗan'uwa, kafin minti ashirin 'yan sanda sun iso. 'Yan Sydney suna da mashaya da ke ba su dandali, su kaɗa har su gaji. 'Yan Melbourne kuwa, bayin Allah, baƙaƙen kaya da ɓacin ran ƙarya, waƙa ɗaya sai ka yi gyangyaɗi ka farka ba ta ƙare ba. Mu gwamnatin jiharmu ce ta koya mana sauri. Ta hana zanga-zanga a titi, aka sa ido kan duk mai askin banza, sai muka koyi faɗin abin da ke ranmu ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. In kana neman abin saurare, nemi kaset ɗin 'Yan Wanki, 'yan matan Ipswich su uku da gangar aro. Namu kaset kuwa, na ƙungiyarmu Ruɓaɓɓen Mangwaro, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Ni ne mai gangar, na san abin da nake faɗa.

Amma ba labarin kiɗa na zauna ba ku ba. Labarin Misis Dulcie Horrigan ne, wadda ta riƙe mukullin zauren unguwa na bayan tashar jirgin ƙasa shekara ashirin da shida. Gajeriyar tsohuwa ce mai tabarau da igiya, ba ta fashin coci, kuma duk zaɓe gwamnatin da muke zagi take dangwala wa. Mijinta Merv ne ya fara riƙe mukullin, da ya rasu kwamitin zauren ya bar mata. Ita ke share dakali da asuba, ita ke goge katakon ƙasa har ka ga fuskarka, kuma gidanta yana kallon ƙofar zauren, titi ne kawai tsakani. Ba ta haihu ba. Zauren nan shi ne gidanta, shi ne danginta, kowa a unguwar ya san haka.

A shekarar saba'in da tara babu mai ba ɗan pank zaure yana sane. Dabararmu ita ce mu kama zaure da sunan wani biki: yau bikin cika shekara ashirin da ɗaya, gobe taron 'yan wasan kwando. Mai yi mana ƙaryar ita ce Gaylene Stibbe, mawaƙiyarmu, wadda ke koyon malanta da rana. A dandali muryarta kamar ana jan ƙarfe a kan kwalta, amma a waya sai ka rantse 'yar limamin coci ce. Ita ta kawo shawarar aure, wai ba a taɓa jin 'yan sanda sun tarwatsa liyafar aure da rana tsaka ba.

Da ta gama magana da Misis Horrigan ta ajiye wayar, ta dube ni. "Trev, kana da lakataye?"

"Ina da na zuwa ofis. Me ya faru?"

"To, barka. Kai ne ango. Tsohuwar ta ce ba ta ba da zaure sai ta ga amarya da ango da idonta."

Muka je ranar Laraba, Gaylene ta rufe aski da ɗankwali, ni na shaƙe wuya da lakataye. Na buɗe baki zan faɗi sunan da muka shirya, Misis Horrigan ta sauke tabarau ta ƙare min kallo.

"Kai ba ɗan Zammit ba ne mai kayan miya? Wannan hancin ai na ubanka ne. Aure za ka yi uwarka ba ta faɗa min ba? Jiya na sayi kabewa a hannunta."

Kai! Gumi ya keto min har cikin takalmi. Mun yi lissafin 'yan sanda, mun yi lissafin maƙwabta, mun manta cewa unguwa biyu ce tsakanin zauren da shagon ubana. Da ina da hankali da na ce a yi haƙuri, na kama hanya. Sai na ji bakina yana cewa, "Misis Horrigan, don Allah kada ki faɗa mata. Iyayena ba su yarda ba. Gaylene ba 'yar cocinmu ba ce. Ko ɗaya ba zai zo ba."

Tsohuwa ta dubi Gaylene. Ta jawo kujera ta zauna. Sannan ta ba mu labarin da ba mu nema ba: ita 'yar Katolika ce, Merv ba haka ba, ranar aurensu mutum huɗu ne kawai suka zo, uwarta ta kulle kanta a ɗaki. Ta kama hannun Gaylene ta ce, "'Yar nan, ba za a yi miki abin da aka yi min ba. Kek ni zan yi. Furanni daga lambuna. Ke dai ki zo da rigarki."

Da muka fito Gaylene ta maka min jaka a ƙeya. "Wawa! Wa ya aike ka ƙara gishiri?"

"To me zan ce? Ta san hancin ubana!"

Asabar ƙarfe biyu na rana, zafi kamar a soya ƙwai a kan kwano. Muka shigo da ganguna ta ƙofar baya, sai muka tsaya cak. Tebura sanye da farin mayafi mai guga. Furanni a kwalabe. Burodi da ƙwai an yanka kusurwa uku-uku, kek mai kwakwa tuli guda, babbar tukunyar shayi tana tafasa. A tsakiya ga kek ɗin aure hawa uku. Kwana uku ta yi tana aikinsa, ita kaɗai.

Baƙi suka fara shigowa, mutum wajen tamanin: yagaggun riguna, fil ɗin maƙale tufafi a kunne, gashi kore da ja, wani ya rataya kwaɗon kulle ƙofa a wuya. Amarya ta fito cikin rigar aure ta gwanjo da takalmin soja. Misis Horrigan ta ja ni gefe ta yi ƙasa da murya.

"Ɗan nan, duk dangin amarya ne?"

"Eh, Misis Horrigan."

"Allah sarki. Yanzu na fahimci uwarka. Amma ba komai, mutane ne."

Daga nan ta karɓe biki daga hannunmu. A zaurenta aure yana da tsari, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Ta tafa hannu, ta jera 'yan pank tamanin a layi, kowa ya karɓi shayi a kofin tangaran da faifansa. Mutanen da suke tofa yawu a dandali don nuna jin daɗi, wallahi na ga suna cewa "na gode" ɗaya bayan ɗaya. Ta sa mai jitarmu ya yi jawabin abokin ango, ya tashi ya yi ta zuba ƙarya a kaina, jama'a na shewa. Ta sa muka yanka kek hannu a kan hannu. Ta ɗauko kyamararta ta ɗauke mu hoto, don duk auren da aka yi a zauren akwai hotonsa a bangon kicin. Sannan ta zauna gaban fiyano ta kaɗa mana rawar ango da amarya, Gaylene tana taka ni da takalmin soja tana raɗa min, "Ka yi murmushi, munafuki."

Sai ta ce, "To, makaɗa, bismillah."

Ango ya cire lakataye ya zauna bayan ganga. Amarya ta tattare riga ta kama makirfo. Na ƙirga huɗu, muka faɗa waƙar farko, wadda ke zagin dokar hana zanga-zanga daga farko har ƙarshe. Zauren ya ɗauka. Jama'a na tsalle suna karo da juna, kofuna na rawa a kan tebur. Ta tsakanin sandunan kiɗana ina hango Misis Horrigan a ƙofar kicin da butar shayi a hannu. A waƙa ta farko mamaki ne a fuskarta. A ta biyu ta dubi yatsan Gaylene, ta dubi nawa, babu zobe. A ta uku ta ajiye butar a hankali, kuma na san ta gane. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ban taɓa jin ƙuncinsa a jikina ba sai ranar.

Muna waƙa ta biyar aka ce ga motar 'yan sanda. Muka tsaya, kowa ya fara duban taga. Kalma ɗaya Misis Horrigan za ta faɗa a kwashe mu, kuma wa zai ga laifinta? Ta goge hannu a ƙyallen aikin da ta ɗaura a ƙugu, ta taka har bakin ƙofa, ta tsaya a tsakiya.

Saje ya ce, "Barka da rana, Misis Horrigan. An kira mu wai akwai hayaniya. Me ake yi?"

Ta matsa kaɗan don ya leƙa. "Ga kek, ga rigar amarya. Kai me ka gani?"

Ya leƙa. Ya ga kek hawa uku, ya ga farin mayafi, ya ga wani ƙato mai koren gashi riƙe da kofin tangaran. Ya sosa ƙeya. Ta naɗe masa yanki biyu a takarda, ɗaya nasa ɗaya na matarsa. Ya ce a rage ƙara, ya tafi. Ku lura, ba ta yi masa ƙarya ba. Ta bar shi ya yi wa kansa.

Ta juyo ta ce, "Ku ƙarasa." Karon farko ke nan a rayuwarmu da muka kai ƙarshen waƙoƙinmu. Minti goma sha tara suka ƙare kaf, muka tsaya muna kallon juna, sai muka sake su daga farko. Da aka tashi ta miƙa wa kowa tsintsiya.

Amma maƙwabcin da ya kira 'yan sanda ya kira Mista Cecil Bampton ma, shugaban kwamitin zauren, mutumin da ke sa dogon safa da gajeren wando yana jin kansa alƙali. Ya kira taro ranar Talata da yamma. Na tashi daga ofis na je na laɓe ƙarƙashin taga, don haka abin da zan faɗa da kunnena na ji.

Ya ce, "Dulcie, ba ki da laifi, kowa ya san yaudararki aka yi. Ki ba mu sunayensu da hoton nan da kika ɗauka, mu miƙa inda ya kamata. Shi ke nan, mukulli yana hannunki har ƙarshen ranki."

Ni akawun gwamnati ne, Gaylene saura mata wata uku ta zama malama. A zamanin, mun yi imani in sunanka ya shiga irin wannan takarda ta 'yan sanda, sai ka nemi wata sana'a.

Ta ce, "An yaudare ni, gaskiya ne, Cecil. Kuma kiɗansu ba daɗi."

"To ai shi ke nan. Sunaye."

"Sun sha shayina. Ba na ba mutum shayi ranar Asabar in kai sunansa ranar Talata."

"Dulcie, ki yi tunani. In ba sunaye, kwamiti ba zai iya barin mukulli a hannunki ba. Shekara ashirin da shida fa!"

"Na fi ka sanin yawansu."

Sai na ji ƙarar ƙarfe a kan tebur, na ji kujera ta matsa baya. Ta fito ta wuce ni taku uku, ba ta waiwaya ba, ta tsallaka titi ta hau matakalar gidanta.

Sati guda na yi ina tattara ƙarfin hali. Na same ta a baranda, zaune tana kallon sabon mai mukulli yana fama da ƙofar zauren, bai san sai an ɗaga ta kaɗan ba. Na hau matakala na tsaya a gabanta, na fara haƙurin da na haddace. Ta ɗaga hannu.

"Ƙarar na yafe. Zagin gwamnati ma bakinku ne, ku da su. Da kun zo kun ce zaure kuke so don hauka, da na kore ku, mu rabu lafiya."

"Misis Horrigan, zan je wurin Mista Bampton in faɗi sunana da kaina."

"Ka je mana, ka ja 'yar mutane cikin rami, ni kuma in yi asarar banza. Ka zauna inda kake."

Kunya ta rufe ni, har yau ban taɓa jin irinta ba. Ta cire tabarau ta goge da bakin riga, ta daɗe tana gogewa.

"Kwana uku ina gasa kek ɗin nan ina kuka," ta ce. "Ina cewa, ga yaro zai yi aure uwarsa ba ta kusa. Sau biyu na kama hanyar shagonku zan je in roƙe ta, na dawo saboda na yi maka alkawari."

Ta mayar da tabarau, ta miƙe da ƙyar tana dafa kujera.

"Ka gaishe da uwarka. Ka sauka a hankali, matakala ta biyu ta ruɓe."