Hannuwan Awaisu

Shitu Mai Bidiyo mutumin Dayi ne. Ya fi shekara ashirin yana ɗaukar biki da suna da saukar karatu, daga Malumfashi har Kafur. Ba shi da surutu; in ya ɗora na'ura a kafaɗa har mantawa ake yana wurin. Abu guda yake taƙama da shi, ba ya tsayar da mutum jikin bango. Sai ya zaga ya samo masa wuri mai kyau a bayansa, sannan ya ɗauka.

Awaisu ɗan wansa ne, manomin masara. Ana gab da zaɓe ya miƙe a taro ya tambayi inda takin da aka yi wa manoma alkawari ya shiga. Kwana uku tsakani, waɗansu mutane marasa kaki suka zo da mota suka ɗauke shi a bakin titi. Duk inda aka je cigiya sai a ce ba a san da shi ba. Bayan wata huɗu aka watso shi kusa da Maska, yatsun damansa sun ƙanƙame, ba sa riƙe ƙota. Ya ce su tara ne a ɗaki guda, ana ɗaure su ta baya a rataye, takwas kuma suna can.

Shitu ne ya kawo shawarar a nuna wa duniya. Ba fuska, ba murya, ba suna, hannu kawai. Mero matar Awaisu ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba. Awaisu ya yarda, amma da sharaɗin kada a gane shi.

Da hantsi suka shiga gona. Shitu ya jera fartanya takwas a kan kunya, babu mai riƙe da su. Ta tara Awaisu ya ɗauka, ta suɓuce, ya ɗauka, ta sake suɓucewa. Minti uku ke nan, ba a ce uffan ba. Sai dai Shitu ya ga ƙasa tsura ba ta yi masa kyau ba, ya ɗan ja baya don wata tsamiya da aradu ta tsaga biyu ta shigo hoton.

To, a ƙasar manoma ai ba da fuska kaɗai ake gane mutum ba. Kowace gona da itacenta. Bidiyon ya bi wayoyi har birane, lauyoyi suka taso, aka sako shida daga cikin takwas ɗin. Amma a Dayi ko makaho aka kwatanta wa tsamiyar zai faɗi mai gonar. Mako bai cika ba motar ta dawo.

Wannan karon wata bakwai Awaisu ya yi. Ya fito kunne ɗaya ba ya ji, ya sayar da gonar, ya kwashe iyalinsa sai Zariya. Ranar tafiya Shitu ya tsaya bakin mota yana neman abin faɗa, har ya ambaci mutum shidan da aka sako.

Awaisu ya juyo masa da kunnen da ke ji. "Na sani, Baba. Allah ya ba ka lada. Amma abu ɗaya tak na roƙe ka."

Shitu bai ƙara ɗaukar komai ba. Yanzu gyaran waya yake a wata 'yar rumfa a bakin titi. Duk sallah yakan kira Zariya. Mero ce take ɗauka, ta ce maigidan ya fita.