Sammacin da Aka Kai wa Baba

Shekarar da Baba ya rasu, damina na ƙaratowa, sai manomin da ke riƙe mana gonarmu ta Miri ya iso gidanmu a Ƙofar Wambai kan babur, ko hula babu. Ya ce wasu sun kafa turaku a gonar, wai kotu ce ta ba su.

Ashe maƙwabcin gonar ne ya kai ƙarar Baba kan iyaka. Aka yi ta kiran shari'a ba wanda ya je, alƙali ya yanke hukunci a bayan idonsa. Mu kuwa ko labari ba mu ji ba.

Ni ce babba a gidan, don haka ni na tsaya. Na nemi wata lauya, Kirista 'yar Bogoro da muka yi sakandare tare. Ta ce, "In dai ba a kai masa sammaci ba, hukuncin ba zai tsaya ba. Za mu roƙi kotu ta soke shi."

Ranar zama aka kira masinjan kotu, wani dattijo siriri. Ya rantse hannu da hannu ya ba Baba sammacin, a ɗakinsa na ƙofar gida. Da ya faɗi ranar, sai na lissafa. A lokacin har mun yi sadakar bakwai.

Alƙali ya ce ya kwatanta mutumin.

"Ranka ya daɗe, fari ne dogo, da tabo a girarsa ta hagu. Yana zaune kan buzu. Ya ce mini, 'Kawo, ɗan malam, ka gaida mutanen gida.'"

Haka Baba yake sallamar kowane baƙo.

Lauyar ta raɗa mini, "Kar ki damu, kowa a unguwa zai iya gaya masa wannan." Limamin da ya sallaci Baba ya ba da shaida kan ranar rasuwarsa, haka ma mai unguwa. Alƙali ya soke hukuncin, ya ce a sake shari'a da magada. Daga baya dattawa suka sasanta mu, gonar ta dawo.

Amma ranar, a ƙofar kotu, masinjan ya tare ni. Na zaci haƙuri zai ba ni.

"Hajiya, maganar nan za ta iya raba ni da aikina. Amma wallahi hannu aka miƙo aka karɓa."

Da na koma gida na tambayi Inna wa yake zama a ɗakin Baba a kwanakin. Ta ce tun ranar jana'iza ta kulle shi, makullin yana ɗaure a bakin zaninta. Sannan ta ce kar in sake yi mata wannan tambayar.