Kadidia Mai Kacalar Telwa

A bayan lambunan Azel, inda ƙoramar Telwa ke barin ruwa cikin wani kwari bayan damina, akwai kacala da ba ta fi faɗin tsakar gida biyu ba. Ciyawa ce da ta fi mutum tsayi, saiwarta cikin laka, kanta kamar zangarniyar gero. Shekara talatin Kadidia na yankanta tana saƙa zana, masu tumatir a kasuwar Agadas suna rumfa da ita.

Ba ta yi karatun lakkol ba, amma ta san cikin ganyen. Takan tsaga shi ta nuna wa mata 'yan ramukan da iska ke bi ta sauka har saiwa. Shi ya sa kullum take barin kututture taƙi guda bisa ruwa in ta yanka.

Bara ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Ilyas, mijin ƙanwarta, mutumin Gaya ta bakin kogi da ya dawo daga haƙar zinariya a Jado, ya ɗauki lauje ya ce zai yi mata. A garinsu kacala annoba ce mai toshe hanyar jirgin ruwa, a ƙarƙashin ruwa aka koya masa yankanta don ta mutu. Hannunsa ya bi abin da ya saba.

Kadidia ta iso bisa jaki, ta ga ruwa fetal.

"Ilyas, ina kututturen?"

"Yaya, ai na share miki tas."

"Sannu da aiki. Abincina ka share."

In saiwar ta yi 'yan kwanaki ba iska za ta ruɓe, kuma babu wata kacala sai can cikin duwatsu. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi gangaren, ta ƙwala wa Alkasum mai lambun ƙasa kira, ko albasarsa na son ruwa?

"Wa ke ƙin ruwa a Agadas, Kadidia?"

Ta miƙa wa Ilyas fartanya. "Kai da ka tone Jado ba ka samo komi ba, tona mini hanyar ruwa daga nan zuwa lambun Alkasum."

Kwana biyu yana haƙa, tana zaune tana nuna masa da sanda. Ruwa ya ja, kan kututturen ya fito fili. Gefen mai zurfi ya mutu, amma kafin wata ya cika sauran ya yi tsiro kore shar, har awaki sun fara leƙowa.