Ashe Dutse Biyu Ne

Ko da zan manta ranar da aka ɗaura mini aure, wadda matata ke zargin na riga na manta, ba zan taɓa manta ranar da na kai surukina kan tsauni na kusa hallaka shi da yunwa ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau idan aka ambaci dutse a gidansu, sai kowa ya juyo ya kalle ni.

Surukin nawa, wanda muke kira Baba, Bafulatanin Gombe ne na asali, irin waɗanda ke auna magana kafin su fitar da ita. Shekara takwas ina auren 'yarsa a lokacin, bai taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa kai loma baki a gabansa ba. Kunya ce ta surukuta, ko ruwa zan sha sai na zaga bayan mota. Da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, sai 'ya'yansa suka ce za su kai shi ya huta kwana uku a kan tsaunukan Tula, inda aka kama mana wasu 'yan ɗakuna masu rufin ciyawa. Aka buɗe zaure a waya aka sa masa suna Tafiyar Dutse. Daga nan babu wanda ya sake cewa Tula, kowa dutse yake cewa.

Da aka zo rabon aiki, wani ya ɗauki motoci, wata ta ɗauki barguna, ni kuwa da ba a tambaye ni ba na ce a bar mini abinci. Har da cewa a ofis ni ake ba irin wannan hidimar, wanda gaskiya ne idan an ɗauki sayo ruwan leda a matsayin hidima. Abin da nake so shi ne Baba ya gani da idonsa cewa 'yarsa ba ta yi asarar miji ba.

Matata ta ja ni gefe ta ce, “Maigida, ka san Baba yana da ciwon suga. Idan ya sha maganinsa dole abinci ya biyo baya, babu jira. Idan ba za ka iya ba ka faɗa tun yanzu.”

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai ba yau na fara ba. A ranar na fara.

Aka yi mini kwatancen wata Hajiya a unguwar Manawashi, 'yar Borno ce da ta dawo Gombe da iyalinta, wadda sinasir ɗinta ya gagari kowa a garin. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Na zauna na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na jero mata abin da nake so: sinasir da miyar taushe, soyayyun kaji, dambun nama, fura da nono, sai faten acca na musamman domin Baba. Kullum a dafa da asuba, a zuba a kuloli, mota ta kawo mana kafin ƙarfe ɗaya.

Ta ce, “Ina za a kai, Alhaji?”

Na ce, “Dutse.”

Ta ajiye rariyar. “Dutse? Kai, da nisa fa. Abinci zai kai da zafinsa kuwa?”

“Ba komai, Hajiya, ai kulolin zamani ne.”

“To wace unguwa a Dutsen?”

Na yi dariya irin ta wanda ya ga duniya. “Babu unguwa a can, Hajiya. Duwatsu ne kawai. Direba ya iso ya kira ni.”

Ta buɗe baki za ta sake tambaya, wayata ta yi ƙara, na ɗaga mata hannu alamar an gama, na fice ina amsa kira. Allah ya sani matar nan ta yi iya ƙoƙarinta ta cece ni, ni ne na ƙi cetuwa.

Ranar tafiya muka bar unguwarmu ta Shamaki da sassafe a mota uku, muka bi ta Kumo da Billiri da Kaltungo, muka fara hawa. Wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Damina ce, ko'ina kore shar, iska mai sanyi, gajimare kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Wani dattijo mai gadin ɗakunan ya tarbe mu, ya kuma gaya mana cewa waya ba ta kamawa a nan sai an hau wani falalen dutse da ke can sama. Ban damu ba. Na bi kowa ina sanarwa cewa kada wanda ya ɓata cikinsa da biskit, ƙarfe ɗaya daidai za a ga aiki. Baba ya yi alwala, ya yi azahar, ya sha maganinsa saboda ya yarda da maganata.

Ƙarfe ɗaya ta yi. Ɗaya da rabi ta yi. Ƙanwar matata, wadda Allah ya halitta domin ta gwada haƙurina, ta zo ta tsaya kusa da ni tana kallon hanya ta ce, “Yaya, ko kajin da ƙafa suke tahowa?”

Da biyu ta gota, yara sun cinye biskit ɗin da na hana, na lura Baba ya daina hira. Yana zaune a kan tabarma, gumi na tsattsafo masa a goshi duk da sanyin, carbin da ke hannunsa yana rawa. Nan na kama hanyar falalen dutsen nan da takalmin ofis, ina hawa ina zamewa. Ina isa sama saƙonni suka shigo a jere, direban Hajiya ya neme ni har ya gaji. Na kira shi.

“Oga, tun kafin azahar na iso, ina tasha.”

“Wace tasha kuma? Ka hawo sama mana! Ba ka ga duwatsu ba?”

“Ga su nan birjik, Oga. Wanne zan hau?”

“Da ka wuce Kaltungo ba ka ga hanya ta yi hagu ba?”

Ya ce, “Kaltungo kuma? Ai ta Dukku na biyo, na yi Darazo, na yi Birnin Kudu. Oga, ba Dutse aka ce ba? Ga ni a Jigawa.”

Na zauna daɓas a kan dutsen. Mu mun yi kudu, abincinmu ya yi arewa, kowannenmu kuma ya isa lafiya a kan lokaci. Ina saukowa ina tsara ƙarya, zan ce mota ce ta lalace, ko in ce Hajiya ce ba ta jin Hausa sosai. Amma da na iso na tarar matata durƙushe gaban mahaifinta tana yi masa fifita da gyalenta, idonta ya kawo ruwa, sai ƙaryar ta gudu ta bar ni. Na ce, “Abincin yana Jigawa.”

Ƙanwar matata ta toshe baki da hannu biyu ta shige ɗaki, muna jin ta daga waje. Matata kuwa ko kallona ba ta yi ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Dattijo mai gadin ne ya cece mu. Kallo ɗaya ya yi wa Baba ya nufi gidansa da sauri, ya dawo da zuma a cikin kwalba, aka dama da ruwa aka ba shi. Kafin la'asar gumin ya tsaya, carbin ya daina rawa. Matar dattijon kuma ta ɗora tukunyarta mafi girma, ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, babu nama, sai daddawa da barkono. Kwanukanta uku ne kacal, don haka aka ba mata ɗaya, yara ɗaya, maza ɗaya. Na sulale bayan ɗaki na zauna, yunwa na cina, na yanke cewa gara ta kashe ni da in haɗa ido da kowa.

Sai na ji muryar Baba. Sunana ya kira, sunana na yanka, karo na farko cikin shekara takwas. Na zo na tsuguna nesa da tabarma, kaina a ƙasa.

Ya ce, “Matar nan mai girki, ba ta tambaye ka wane dutse ba?”

Na ce, “Ta tambaya, Baba. Ni ne ban tsaya na ji ba.”

Ya gyaɗa kai. “Da ka ce laifinta ne da na san ƙarya kake yi. Ka koma sama ka ce wa direban ya raba wa mutanen tasha, rabonsu ne ya kira shi. Amma fara wanke hannu ka matso. A kan dutsen nan babu suruki, duk mayunwata ne.”

Haka na sa hannu a kwano ɗaya da Baba. Na ci abinci a manyan wurare kafin nan da bayan nan, amma ban taɓa cin abin da ya kai wannan tuwon daɗi ba.

Washegari kuloli suka iso inda ya kamata, bayan na faɗa wa Hajiya sunan Tula sau biyar, na sa ta maimaita, ita ma ta sa na maimaita. Ta ce, “Alhaji, sau biyu na tambaye ka, na uku ka ɗaga mini hannu kamar ɗan sandan hanya.” Direban kuma ya ba ni labarin yadda 'yan tasha suka wawashe kajin suna yi wa wani Alhaji da ba su sani ba addu'ar gamawa lafiya. An ce faten accar ne kawai ya yi kwantai.

Baba ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa, kuma har ya bar duniya Sarkin Dutse yake kirana. Abin da na koya shi ne, idan wanda ya san aikinsa ya sake maka tambaya, ba wauta ce ke damunsa ba, ramin da ke gabanka ya hango. Shi ya sa yau ko mai shayi ya ce mini “wanne?”, sai na ajiye waya na ba shi amsa har da sunan jiha.